Buhun Farko

Zuwa ga maigidana, Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Mu nan lafiya lau muke. Yara suna gaishe ka. Ƙaramin ya fasa gilashin taga da ƙwallo ya ce wai iska ce, ni kuma na ce to iskar ta yi sallama da talabijin sai ka dawo. Na leƙa Mama, ƙafar ta yi sauƙi, har ta samu ƙarfin yi mini faɗa a kan ramar da ta ce na yi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda. Waya a wurinku sai ka hau tudu, kuma maganar ba ta waya ba ce, don ƙanwarka Auta tana cikin gidan, kunnenta kuwa kai ma ka san shi. Direban kamfaninku ya ce zai riƙa kai maka.

Ka tuna sassaƙen bishiyar nan da na cika maka kunne da shi kafin ka tafi? Na san rabin bayanin gyangyaɗi ka yi, don haka bari in maimaita. Mun niƙa shi, muka jiƙa a ruwan sinadari, muka tace, muka ƙafe ruwan har ya rage wani abu mai danƙo kamar zuma. Na ɗiga shi a ƙananan takardu, na ɗora su a farantin da muka shuka ƙwayoyin cutar da asibiti suka ba mu, irin masu hana gyambo warkewa, waɗanda suka gagari magunguna. Da na buɗe farantin, kewayen kowace takarda ya yi fes, babu ƙwaya ko ɗaya da ta tsira. Da na rarrabe sinadaran a kan ɗan farin allon da muke aiki da shi, sai ga wani tabo guda yana haske kore a ƙarƙashin fitila. Na kankare shi na gwada shi shi kaɗai, kuma shi ne mai aikin. Tun da na fara aiki a ɗakin gwajin nan ban taɓa ganin abu irinsa ba.

Farfesa, shugaban sashenmu, bakinsa ba ya riƙe daɗi. Tuni ya shaida wa masu ba mu tallafi, sun ce za su zo su gani da idonsu.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Auta, da ke shanya mana sassaƙen tana niƙawa a wurin aiki, ta ce mini buhun farko ya ƙare, sai muka sa mai kawo mana sassaƙe ya kawo na biyu. Na yi komai yadda na yi a da, tabon nan ya ce ban san ki ba. Ƙwayoyin cutar ma har kan takardar suka hau suka yi zamansu. Na uku ma haka. Na fara zargin mai kawowar, na ce ko ya ga muna rawar jiki ya haɗa mana da ɓawon wata bishiya. Na bi shi da kaina har wurin, na sassaƙo da hannuna daga bishiyoyin da ya ɗebo na farko, na kawo na ba Auta ta shanya ta niƙa kamar kullum. Shi ma babu komai a ciki.

Bishiya ba ta canza hali haka kawai, Baban yara. Tsakanin daji da teburina hannu ɗaya ne kawai yake taɓa sassaƙen nan, kuma ni na kawo mai hannun, ni na tsaya mata har aka ɗauke ta aikin. Ban ce komai ba tukuna, kai ma kada ka ce mata komai. Ina dai faɗa maka ne don zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ka kula da kanka, ka daina ɗaga abu mai nauyi kana nuna wa yaran aiki kai ma da saura.

Taka,
Uwar kwalabe, kamar yadda kake tsokanata

*

Baban yara,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Saƙonka ya iso, yara sun yi murna da takalman, sai dai na babbar ya yi mata kaɗan. Ka manta cewa yara suna girma ko ba ka nan.

Ka ce in bi a hankali. Wallahi a hankali nake bi, ido kawai na sa, kuma abin da idon ya gano mini bai yi mini daɗi ba.

Na farko, na fara duba sassaƙen kafin Auta ta niƙa, na ga yanzu ya cika tsabta. Ka san ni da tsabta, kai ne ka ce ko cokali na wanke sai na ɗaga shi a haske. A ɗakin gwaji kowa ya san abin da ba na yafewa ke nan. Bara ma a gaban Auta na kori wani ɗalibi daga ɗakina saboda kwalba ɗaya mai maiƙo. Amma wannan tsabtar daban ce. Ɓawon itace da ya fito daga daji yana da ƙura, yana da ɗan duhu a tsagoginsa. Wannan kuwa ƙal yake, kamar an yi masa wanka. Da na shinshina, ƙamshinsa ma ya ragu. Kai injiniya ne, bari in faɗa maka abin da mai irin aikina zai fara tunani: idan aka jiƙa sassaƙe aka tatse abin da ke cikinsa, aka sake busar da shi, haka yake komawa. Wato wani ya riga ni sha, ni ana kawo mini tuƙa.

Na biyu, sito. Ita ke riƙe da makullin ɗakin da muke ajiye buhuna. Da can a buɗe take barinsa har ina yi mata faɗa. Yanzu ko mai shara ba ta bari ya shiga, ita take karɓar tsintsiya ta share da kanta. Rannan na tura ƙofar ba ta ji zuwana ba, na same ta tsugune bayan babban kabad. Ta zabura har ta buge kanta, ta ce wai ɓera take nema. Auta da ko kyankyaso ta gani sai ta hau kujera, ita ce mai neman ɓera!

Na uku, akwai wani mutum na wani kamfanin haɗa magunguna, mai farar mota, da ya fara zarya wurinmu tun da Farfesa ya yi shela. Baki gare shi kamar an shafa masa mai. Ya tambaye ni sunan bishiyar na ce masa sunanta bishiya. Ranar da aka yi ruwan nan mai yawa, a motarsa Auta ta dawo gida. Ta ce a bakin titi ya gan ta ya rage mata hanya. Mai yiwuwa ne. Amma tun da ake ruwa a garin nan ban taɓa jin ya rage wa mai gadi hanya ba.

A gida ma ta canza. Da can kafin in ajiye jaka ta fara, Anti kin ji, Anti kin gani, har sai na ce ta bar ni in sha ruwa. Yanzu ta ci abinci ta shige ɗaki. Idan na yi maganar aiki sai ta yi tsuru-tsuru ta kama gyaran abin da ba ya buƙatar gyara. Na tambaye ta a hankali ko akwai abin da ke damunta, ta ce, “Ba komai, Anti, gajiya ce.” Ko kallona ba ta yi ba.

Ina son yarinyar nan, ka sani. Ni na raka ta makaranta da akwatinta, ni na yi jinyarta da ta yi zazzaɓin nan. Shi ya sa abin yake ci mini rai. Idan gaskiya ne, aikinta ya tafi, kuma a wannan sana'ar wanda aka kora da sunan sata ba ya sake shiga ɗakin gwajin kowa. Idan kuma na yi shiru, baƙi za su zo in tsaya gabansu da faranti cike da ƙwayoyin cuta masu ƙiba.

Ɗan abin da ya rage mini na jiƙon farko bai kai cikin murfin kwalba ba. Na aika wa ƙawata ta makaranta rabinsa, don a wurin aikinsu akwai babbar na'urar da ke faɗin abin da sinadari ya ƙunsa dalla-dalla. Sauran na kulle a firjin ofishina, makullin yana cikin jakata.

Ka yi mana addu'a. Yara suna gaisuwa.

Matarka

*

Baban yara,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kuma da fatan ka huce. Na karanta takardarka har sau biyu. Ka ce ƙanwarka ba ɓarauniya ba ce, ka ce ni da zargi kamar tare aka haife mu, har mai kawo mana ruwa ban ƙyale ba. Na ji. Mai kawo ruwan dai ka tuna yadda ta ƙare. Yanzu ka saurari abin da ya faru, sannan ka yanke hukunci.

Farfesa ya matsa mini da tambaya, ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce masa ina jin ana taɓa sassaƙen kafin ya iso gare ni. Ban kama suna ba. Shi kuwa a taron ma'aikata ya miƙe ya ce gobe za a buɗe sito a duba komai, buhu-buhu. Na saci kallon Auta, na ga fuskarta ta yi fari fat.

Washegari ta riga ni fita, ta ce akwai kwalaben da za ta wanke. Raina bai ba ni ba, na bar yara da karin kumallo a gabansu na bi bayanta. Daga tagar ofishina ana hango wurin ƙona shara a bayan gini. Da idona na gan ta, Baban yara, ba labari aka ba ni ba. Ta fito daga sito rungume da wani buhu, tana waige-waige, ta jefa shi cikin wutar, ta tsaya da sanda tana tura shi har ya cinye. Kafin in sauko daga bene ya zama toka.

Na tsare ta a wurin. Na ce mene ne kika ƙona? Ta ce shara ce. Na ce wace irin shara ce ake runguma kamar jariri? Sai hawaye kawai. Na ce ta faɗa mini tsakanina da ita, ko me ta yi zan san yadda zan yi. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi fuskata, ta rufe. Na san fuskar tawa ba ta yi kyau ba a lokacin, amma wa zai yi murmushi a irin wannan wuri?

Daga nan ofishin Farfesa na wuce, wannan karon kuma na kama suna. Na faɗi maganar sassaƙen da aka wanke, da kabad, da mai farar mota, da buhun. An karɓi makullin sito daga hannunta, an ce ta zauna a gida har kwamiti ya zauna a kan maganar.

Da na dawo gida na tarar ta kwashe kayanta ta koma wurin Gwaggonku. Makullin gidan ta bar shi a kan firji. Babbar ta tambaye ni ina Anti Auta, na ce ta je taya Gwaggo zama. Mama ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, “'Yata, kin tabbata?” Na ce na tabbata. Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Ban ji daɗi ba ko kaɗan, kada ka ɗauka ina murna. Amma mai gaskiya ba ya ƙona buhu da sassafe.

Ka gaida mutanen wurinku.

Matarka

*

Maigidana,

Sallama. Ina fata kana lafiya. Ni dai jikina lafiya, sauran kuma ka karanta ka gani.

Sakamako ya zo daga wurin ƙawata. Ta kira ni tana dariya, ta ce tun yaushe na koma binciken fumfuna ban gaya mata ba? Na ce wace fumfuna, ɓawon itace ne. Ta ce to ɓawon nan nawa ya yi baƙo, domin jiƙon cike yake da wani sinadari da aka san shi a jikin fumfuna, kuma tabon nan nawa mai haske kore, ƙirarsa irin ta abin da fumfuna ke haɗawa ce, ba ta ga alamar itace ne ya yi shi ba. Na ce ta sake dubawa. Ta ce ta riga ta sake, don ta san halina.

Sai na nemi kujera na zauna. Ka san fumfuna, wannan da ke fitowa a kan burodi idan ya kwana biyu a leda. Wasu daga cikin manyan magungunan da ake ji da su daga irinta aka samo su. Ashe bishiyar ba ta taɓa yin komai ba. Buhun farko ne ya yi fumfuna, ita ce ta kashe ƙwayoyin cutar. Ni kuwa a lokacin garin da aka niƙa kawai ake kawo mini, ban taɓa ganin buhun da idona ba.

Ko jaka ban ɗauka ba na tafi gidan Gwaggo. Gwaggo ta amsa gaisuwata a daƙile ta nuna mini ɗaki da haɓa. Na sami Auta tana ninke kaya, ta rame. Ban yi doguwar magana ba, na ce buhun farko ya jiƙe ne? Sai ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka.

Ga yadda aka yi. Tun farkon zuwan buhun ta jingina shi ƙarƙashin tagar sito ta manta ba ta rufe tagar ba, ruwa ya shigo ya jiƙa shi. Da ta buɗe bayan an dawo hutu, ta tarar fumfuna ta lulluɓe shi, wata iri mai launin ruwan lemo. Ta tuna ɗalibin nan da na kora a kan kwalba ɗaya. Sai ta zaɓi na sama-sama ta goge da buroshi, ta shanya, ta niƙa ta kawo mini, sauran kuma ta tura bayan kabad ta ce mini ya ƙare. Ta rasa yadda za ta fitar da shi ba a gani ba. Daga ranar ta yi rantsuwa ba za a sake ba, shi ya sa duk buhun da ya zo sai ta wanke shi tas, ta goge tsagoginsa, ta busar da shi a na'ura. Da ta ga aikin ya ƙi, sai ta ɗauka ƙazanta ce har yanzu, ta ƙara wankewa. Mai farar mota kuwa, ko sunansa ba ta sani ba.

Na ce don me ba ki faɗa mini ba a wurin wutar nan? Ta ce, “Na so in faɗa. Da na kalle ki sai na ga kin riga kin gama da ni.”

Sannan na tambaye ta abin da na riga na san amsarsa, ko ta rage ko ɗan ɓallin buhun. Ta girgiza kai. Ta ce da ta ji za a bincika sito, tsoro ya kama ta, ta ƙona shi duka har da igiyar bakinsa.

Ka gane, Baban yara? Abin da nake nema duk tsawon lokacin nan yana bayan kabad, bango ɗaya ne tsakaninsa da teburina, yana raye. Da an kawo mini ɗan yatsa guda na ɓawon nan, da na shuka fumfunar a faranti na raya ta har abada. Binciken da na jawo ne ya tura shi wuta, ni kuma ina tsaye a taga ina kallo, ina cewa a raina yau na kama ɓarauniya.

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai. Na ce ta tashi mu koma gida, ta ce Gwaggo tana jin daɗin zamanta, za ta ɗan ƙara kwana.

Ban san me zan ce maka ba. Ka ce duk abin da ka ga dama, na cancanta.

Matarka

*

Baban yara,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya, bayan kuma ya yi sauƙi. Na gode da takardarka. Da ka zage ni da na fi samun abin riƙewa, sai ka ɓuge da tambayar ko ina cin abinci.

Kwamiti ya zauna. Na miƙe a gaban kowa na janye maganata, na ce babu sata, babu kamfani, zargina ne. Auta ta faɗi nata da bakinta. An ja mata kunne a kan taga da ɓoye magana, aka mayar mata da makullinta. Farfesa ya rubuta wa baƙin cewa su dakata, kuma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Aikinta dai ya tsira, alhamdu lillahi. Sai dai kalmar da na furta ta riga ta zaga ginin. Rannan ina kallo wata ta ja jakarta kusa da ita don Auta ta shigo ɗakin shan shayi. Ta yi kamar da wasa, amma Auta ta gani, ni ma na gani.

Yanzu in ka shigo ɗakin gwajina ba za ka gane shi ba. Ni da ba na yafe maiƙo, na jera kwalabe a kan kowace taga, kowace da jiƙaƙƙen ɓawo a ciki, ina roƙon Allah ya ruɓe. Na kankaro bangon bayan kabad, na share ƙurar ƙarƙashin tagar sito, duk na shuka. Fumfuna kuwa ta amsa kira: baƙa, fara, koriya, har da wata mai gashi kamar kan tsoho. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, tabon nan bai fito ba. Ƙawata ta ce irinsu ba su ƙirguwa, mai yiwuwa ta dawo gobe, mai yiwuwa kuma ba za mu sake haɗuwa da ita ba.

Duk duniya mutum ɗaya ne ya taɓa ganin fumfunar nan da idonsa. Don haka kowace safiya Auta takan shigo da farar rigarta, ta bi kwalaben a hankali, ta ɗaga kowace a haske kamar yadda na koya mata. Ni kuma ina tsaye a gefe ina jira. Aikinta ba shi da abin cewa, ba ta makara, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma zama idan ta gama.

Makullin gida yana nan kan firji inda ta bar shi. Na hana yara taɓawa. Na sa shi a jaka sau ɗaya na kai mata, na kasa fito da shi, na dawo da shi wurinsa.

Yau ma ta zo. Akwai wata kwalba a ƙarshen layi da ta fito da ɗan launi ja-ja, tun jiya nake ta zagayarta. Ta ɗauka, ta juya ta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye ta a hankali, ta dube ni da ladabi, yarinyar da tun tana 'yar makaranta ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Anti, ta ce, “Ba ita ba ce, Dakta.”

Ka nemi hutu ka zo gida, don Allah. Yara suna gaishe ka.

Matarka,
Uwar kwalabe